Martani: Batirin Mota Ba Na Kwale-kwale Ba Ne

Marubucin da ya shawarci masuntan Birnin Kudu da Gwaram su juya ƙaramin injin lantarki na kwale-kwale da batirin mota saboda araha ya yi kuskure babba, domin an ƙera batirin mota ne ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi wajen tayar da inji, kuma farantan dalmar cikinsa sirara ne, suna lalacewa idan ana zuƙe cajinsa kullum. Abin da ya dace da masuncin Kogin Bunga shi ne batir mai jure zuƙa, irin na sola, mai farantai masu kauri, wanda shi ma ba a so a sha fiye da rabin cajinsa. Araha ba ta ado, balle a tsakiyar kogi.