Wawulon Kaka Ba Abin Dariya Ba Ne

A labaranmu, da zarar tsohuwa ta fito sai mu ba ta wawulo don a yi dariya. Ba mu kyauta ba.

Yawu ne mai gadin baki: yana wanke ragowar abinci, ya rage kaifin tsami, ya yaƙi ƙwayoyin cuta. Ciwon suga da wasu magungunan hawan jini kan busar da shi, sai haƙora su ruɓe. In suka zube, tauna ta ragu, yawun ma ya ƙara ja baya. Shi ya sa Kaka ke kora kowace loma da ruwa.

Mu rubuta wannan wahalar. Wataƙila mai karatu ya tuna tasa kakar, ya kai ta asibiti.