WAI KOYON AIKI AKA TAFI

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Magana ce ta tsaya mini a wuya, wadda za ta ji haushi sai dai ta yi haƙuri, don wallahi sai na faɗe ta.

Akwai wata kalma da ta shigo gari tana yawo a wayoyin 'ya'yanmu, wai "koyon aiki a ƙasar waje". Da za a zo a ce wa uwa, "Hajiya, za mu kai 'yarki aikatau Rasha," na tabbata muciya za ta ɗauko. Amma a ce mata karatu ne haɗe da koyon aiki, jirgi kyauta, ɗaki yana nan, ga albashi da dala, sai ki ji guɗa har maƙwabta. Aikin ɗaya ne fa, sunan kawai aka canza. Kuma ba don Allah aka canza shi ba. Ma'aikaciya tana da haƙƙi, tana iya cewa a ƙara mini, tana iya ajiye aiki ta nemi wani. Ita kuwa mai koyo, kullum ce mata ake ta gode, ai taimakonta ake yi.

Bari in ba ku misali da abin da ya faru a zahiri, don ni mai rubuta ƙagaggun labarai ce, amma ko ni ban isa in ƙago wannan ba.

A ƙasar Rasha akwai wani yanki da ake kira Tatarstan, kimanin kilomita 1,000 gabas da Mosko. A can akwai wata unguwar masana'antu mai suna Alabuga. Masu wurin suka fito da shiri, suka sa masa suna Alabuga Start, suka baza tallarsa a Facebook da TikTok da sauransu. Wa suke nema? 'Yan mata, masu shekara 18 zuwa 22. Sharaɗin shiga kuwa ba wuya: ki buga wani wasa a kwamfuta, ki haddace kalmomi 100 na yaren Rasha, shi ke nan. A hotunan talla ga 'yan mata baƙaƙe irinmu suna dariya, suna wasanni, suna yawon buɗe ido. An ce za a koyi girki, da hidimar otal, da makamantansu. Albashi da farko aka ce dala 700 a wata, daga baya aka koma cewa "sama da dala 500".

A watan Oktoba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da binciken da ya yi. Ya ce akwai 'yan matan Afirka kusan 200 a wurin, daga Yuganda, Ruwanda, Kenya, Sudan ta Kudu, Saliyo, har da Najeriya. Ku sake karantawa, har da Najeriya. Kuma abin da akasarinsu suke yi ba girki ba ne. Jirage marasa matuƙi suke haɗawa, samfurin Iran da ake kira Shahed, waɗanda ake ɗura wa bam a harba biranen Yukiren. Wata cibiyar bincike a Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 90 cikin 100 na baƙin 'yan matan aikin jiragen nan suke yi, musamman ɓangaren da ba ya buƙatar wata ƙwarewa.

Wasu sun ce ba su san abin da za su yi ba sai da suka sauka. Sun ba da labarin aikin awa 12, da na'urar ɗaukar hoto da ke kallonsu a wurin aiki da wurin kwana. Sun ba da labarin wani sinadari da ake shafa wa jiragen, mai sa fata ƙaiƙayi, har fuska ta yi ƙananan ramuka. Yarinya mai shekara 19, wadda a gida ko man shafawa sai ta zaɓa! Sai batun kuɗi. Jirgin nan da aka ce kyauta, ashe a albashi za a cire. A cire kuɗin ɗaki, a cire na asibiti, a cire na koyon yaren da su suka ce dole a koya. Ɗan abin da ya rage kuma turo shi gida wahala, saboda takunkumin da aka sa wa bankunan Rasha. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Sannan ga babbar magana. Wurin da ake ƙera makami a lokacin yaƙi, ai abin hari ne, ko yaro ya san wannan. Ranar 2 ga Afrilu 2024 jirgi marar matuƙi daga Yukiren ya faɗa kan wani ginin kwanan ɗalibai a Alabuga, mutum 12 aƙalla suka ji rauni. To don Allah a wace tallar aka rubuta wannan? A wane bidiyo aka ce, "Ki sani fa, inda za ki kwana ana iya jefo masa bam"?

Na san masu shirin sun musanta cewa sun yaudari kowa. Na san kuma za a sami yarinyar da za ta ce ita lafiya lau take, kuɗin ya fi abin da za ta samu a gida. Ban ƙaryata ta ba. Wadda ta san jirgin yaƙi za ta je haɗawa, ta yarda, ta sa hannu ido buɗe, wannan ita da zuciyarta. Rigimata ɗaya ce: me ya sa ba a faɗa tun a gida? In abin kirki ne, me ya kawo ɓoye shi a bayan tukunya da cokali? Kuma me ya sa sai mata, sai masu ƙananan shekaru? In hannu ake nema, ai ga ƙarti nan zaune ba aikin yi. Ni dai a nawa ganin, an zaɓi wadda ba ta taɓa karɓar albashi ba balle ta san an zaftare shi, wadda aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga wa babba murya, wadda za ta yi kuka a bargo ta fito ta ce lafiya ƙalau. Kunyar da muka koya wa 'ya'yanmu don mutunci, ita wasu suka gano tana da riba.

(Kuma kada wata ta ce miki ai Tatarstan ƙasar Musulmi ce, akwai masallatai. Gaskiya ne Tatar yawancinsu Musulmi ne, babban birninsu Kazan yana da masallatai masu kyau. Amma masallacin gari bai taɓa hana a cuci 'yar aiki ba, mu ma shaida ne a nan.)

Tunda na ambaci 'yar aiki, bari in taɓo mu matan aure, don kada mu yi kamar ba mu gane wannan ciniki ba. Wace ce ba ta san dillaliyar nan ba, mai zuwa ƙauye ta ce wa uwa, "Ba ni ita in kai ta birni, gidan mutunci ne, har makaranta za a sa ta"? Yarinya ta zo, makarantar ita ce wanke-wanke da raino, albashi kuma a hannun dillaliya yake sauka. Ba ta san hanyar tasha ba, ba ta da kuɗin mota, in ta yi ƙorafi a ce ba ta da godiya. To Alabuga dillaliya ce mai jirgin sama. Bambancin kawai, yarinyar ƙauye in ta gaji tana iya tsallake katanga ta sami mai jin Hausa ya nuna mata hanya. Wadda ke cikin ƙanƙara fa, da kalmominta 100, wa za ta tambaya?

Kada a ce na tsani Rasha ne. Wannan cuta ba ta da ƙasa. A Amurka, cikin watan Agusta na 2011, ɗalibai baƙi kusan 400 ne ke aiki a wani sito da ake shirya cakulan ɗin kamfanin Hershey a garin Palmyra, jihar Pennsylvania. Sun zo daga Sin, Yukiren, Romaniya, Najeriya da wasu ƙasashe, da biza mai suna J-1, wadda aka ce ta musayar al'adu ce. Kowannensu ya biya dubban daloli kafin ya zo. Al'adar da suka gani ita ce ɗaga kwalaye masu nauyi har da aikin dare, sannan a cire kuɗin haya, wani abin da zai rage masa a mako bai kai dala 100 ba. Su dai sun yi ta maza, suka ajiye aiki suka fito titi, har gwamnati ta dakatar da ƙungiyar da ta kawo su. A 2012 aka amince za a biya ɗalibai 1,028 bashin haƙƙinsu, dala 213,000. Ku raba ku gani, kowa bai fi dala 200 da 'yan kai ba.

Na Japan kuwa shi ya fi sa ni hawaye. Tun 1993 suke da tsarin ɗauko matasa daga ƙasashe irin su Biyetnam da Sin, wai su koyi sana'a su koma gida da ita. Amma ƙa'idar ita ce ba ka da ikon canza ubangida yadda ka ga dama. A shekarar 2023 kaɗai, mutum 9,753 suka gudu daga wuraren aikinsu. Akwai wata 'yar Biyetnam da ke aiki a gonar lemo a Kumamoto. Ta sami ciki, ta ɓoye, don tsoron kada a mayar da ita gida. A watan Nuwamba na 2020 ta haihu ita kaɗai a ɗakinta, tagwaye, duk ba rai. Ta naɗe su a tawul ta sa a kwali, ta rubuta sunayensu a takarda da ban haƙuri. Allah sarki! Maimakon ta'aziyya sai kotu, aka ce ta yasar da gawa, aka same ta da laifi. Sai a watan Maris na 2023 kotun ƙoli ta wanke ta. Duk macen da ta taɓa naƙuda ta san abin da nake nufi in na ce ita kaɗai. Ba ungozoma, ba uwa, ba mai riƙe mata hannu. A 2024 majalisar Japan ta zartar da dokar da za ta maye gurbin tsarin, aka sa 2027 ta zama shekarar fara aiki da ita. Shekara 30 da ɗoriya ana kiran abin koyon sana'a.

Ni ba na cikin masu cewa mace ta zauna a ɗaki kada ta nemi ilmi. Wadda ta sami gurbin gaskiya, a jami'a mai suna, da takarda a hannu, ta tafi, Allah Ya ba da sa'a, mu ma mu yi alfahari. Kuma mun san koyon sana'a na gaskiya. Yarinyar da aka kai wajen tela za ta yi shara, za ta yi aike, za ta yi wata uku ba abin da take yi sai guga da ɗinke maɓalli. Amma ranar yaye ta, ta iya yanka, ta iya ɗinki, in aka saya mata keke ta tsaya da ƙafarta. Wannan shi ne ma'auni: me za ta dawo da shi a hannunta? Wadda ta shekara biyu tana shafa wa fiffiken jirgin yaƙi sinadari, in ta dawo Kano ko Zariya, shagon me za ta buɗe?

Saboda haka ke uwa, kafin ki sayar da 'yan kunnenki ki yi mata fasfo, ki ce a kawo takardar yarjejeniya, a sami mai ilmi a dangi ya karanta miki ita kalma bayan kalma. A nuna miki sunan aikin, da abin da kamfanin yake ƙerawa. A faɗa miki nawa ne zai shiga hannunta bayan an gama cire-cire. Fasfo a hannun wa zai zauna? In ta ce ta fasa bayan wata biyu, wa zai biya jirgin dawowa? In aka fara ce miki "ai sai ta je za ta gani", ko "gurbin ya kusa cika, a yi sauri", to ruwa ba ya tsami banza.

Kuma in ta riga ta tafi, ta bugo waya tana kuka, don Allah a daina ce mata, "Ki yi haƙuri, kada ki ba mu kunya, kowa ya san kin tafi Turai." Wannan maganar ta fi mai gadin ƙofa tsare yarinya. Sau nawa aka mayar da mace gidan da ake dukanta da irin wannan haƙurin? Yanzu kuma an ɗauke shi an kai shi ƙasar waje. Tsoron bakin maƙwabta ne, ba wani abu ba, sai a bar 'ya a hannun mutanen da ko sunanta ba su iya faɗa daidai ba.

Sauran haushina yana kan masu tallar, 'yan uwanmu baƙar fata, masu tashe a TikTok da Instagram. A ba su tikiti da otal, su je su yi kwana uku, su ɗauki bidiyo suna murmushi a ɗaki mai tsabta, su ce wa ƙannensu ku zo ga dama ta samu. Bayan rahoton AP a 2024, kamfanonin Google da Meta da TikTok sun rufe shafukan shirin, amma talla ba ta mutu ba, sai ta koma bakin irin waɗannan. A watan Agusta na 2025 abin ya fashe a Afirka ta Kudu, gwamnati ta fito ta gargaɗi 'yan mata, wasu daga cikin masu tallar suka goge bidiyonsu suka ba da haƙuri. Goge bidiyo minti ɗaya ne. Yarinyar da ta kalle shi tun watanni kafin nan, ta cike takarda, ta yi sallama da uwarta a filin jirgi, ita ba a ji wanda ya ce zai biya mata kuɗin dawowa ba.