Furar Bodinga da Shagari ta isa a yi mata alƙalai

Duk motar da ta baro Sakkwato ta nufi Jega sai ta ratsa Bodinga, ta wuce Shagari, kuma a garuruwan biyu matafiyi zai ga matan Fulani zaune da ƙore a rufe da faifai, ludayi a gefe, suna jiran mai cewa a dama masa. Direbobin hanyar sun san wadda hannunta ke da kyau. Za ka ji ana cewa nonon wance ya sha ruwa, furar wance kuwa ba ta da tsakuwa. Ilimi ne na gaske, amma a baka yake yawo, babu wanda ya rubuta shi, kuma mai gyara sana'arta da mai ha'inci kusan kuɗi ɗaya suke karɓa.

Wasu al'ummomi ba su bar abin shansu haka ba. A Amurka an kafa ƙungiyar BJCP a 1985 don horar da alƙalan ɗanɗanon giyar da ƙananan masu sana'a ke dafawa. Idan aka ajiye wa alƙali wata giya mai ruwan ƙasa da aka cika wa furen hop mai ɗaci, yana da takardar maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, sai 10 na hukuncin ƙarshe. Giya haramun ce ga Musulmi, Jihar Sakkwato kuma ta ɗauki shari'ar Musulunci tun 2000, don haka ba ruwan mutumin Bodinga da abin da ke cikin kofin. Takardar makin ce abin dubawa. Masu gahawa ma sun bi wannan hanya: gasar Cup of Excellence ta fara a Brazil a 1999, ta isa Habasha a 2020, kuma manomin da gahawarsa ta yi fice yana sayar da ita a gwanjo da farashin da ya ninka na kasuwa.

Fura da nono na da abin aunawa da ya kai wannan yawa. A fara da gero. Sai an surfe shi, an wanke, an rege tsakuwa, sannan a daka da citta da kanumfari da barkono, wasu su ƙara masoro ko kimba. A cura garin, a jefa cikin tafasasshen ruwa, idan ya nuna a kwashe a kirɓa a turmi har ya yi danƙo, a mulmula, a barbaɗe da gari. Kowane mataki yana barin shaida a baki. Furar da ba ta dahu ba tana warin ɗanyen gari. Wadda ba ta kirɓu ba tana gudaji komai ƙarfin mai damu. Idan barkono ya rinjayi citta, maƙogwaro zai yi zafi tun kafin a ji geron, alhali furar kirki ƙamshin gero ne ke fara zuwa, yaji ya biyo baya a hankali.

Nono ya fi wuyar hukunci. Kindirmo ba a cire masa mai ba, shi ya sa yake tsayawa a ludayi, da maiƙo da ɗan tsami mai laushi. Tsala an kaɗe mansa, ya fi ruwa, ya fi tsami, kuma ba laifi ba ne a sayar da shi muddin an kira shi da sunansa. Laifin yana wurin mai ƙara ruwa ta ɓoye da garin ƙwallon kuka don ya yi kauri, ko mai kwaɓa madarar gari ta ce na shanu ne. Wanda ya saba yana ganewa tun a kurɓin farko, domin tsamin kuka kaifi gare shi, ba ya barin maiƙo a leɓe. Lokaci ma yana shiga lissafi: da damina ciyawa ta wadata nono ya yi yawa ya yi araha, da rani shanu sun tafi neman kiwo, a nan ha'inci ke ƙaruwa. Alƙali mai adalci ba zai auna nonon Afrilu da ma'aunin Agusta ba.

Wani zai ce ai fura abincin gida ce, me ya kai ta gaban alƙali? Kuɗi ne ya kai ta. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ce ƙasar na kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 a shekara wajen shigo da madara. Wannan madarar ce ke cika robobin yogot da ake markaɗa fura da su a birane, a zuba sukari har ya binne ɗanɗanon gero. Yaran da suka tashi da ita za su ɗauka fura ke nan. Matar da ta tatsi saniya bokolo ko bunaji da asuba, ta ɗauko ƙwarya a ka daga ruga, ba ta da tambari ko lambar yabo da za ta nuna cewa nata ya fi.

Yankin kuwa yana da sunan da zai ɗauki gasa. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shagari mahaifar Alhaji Shehu Shagari ce, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983. Ga kuma misali a Argungu, a Jihar Kebbi, wadda tun daga 1934 ta mayar da kamun kifi bikin da duniya ta sani.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin biyu ba. A zaɓi rana bayan kaka, lokacin da sabon gero ya shigo. Alƙalai su fito daga tsofaffin masu nono da matan da suka shekara suna kirɓi, a sa lamba a kowace ƙwarya don kada a san mai ita. A raba ajin kindirmo da na tsala. Likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su duba tsabta, su tabbatar an dafa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale. Wadda ta ci ta samu shaidar da za ta rataya a inda take zama a bakin titi, da damar kai nononta kantunan Sakkwato a farashin da ita za ta yanka.