An shafa fatiha a Maradi, hisabi yana jira a Faransa

Uwaye, mu gaya wa juna gaskiya. Da an ce mai neman ɗiyarmu yana da takardun ɗan ƙasar Faransa, sai bakinmu ya mutu. Ba mai tambayar da wane irin kati yarinyar za ta zauna can, ko a hannun wa ransa yake.

A hannun mijin yake. Matar ɗan ƙasa tana shiga da biza ta shekara 1, sai kati na shekara 2, kuma ba ta isa neman na shekara 10 ba sai aure ya cika shekara 3. Duk sabuntawa, ofishin firefe yana son shaidar cewa suna zaune gida ɗaya: takardar haya, ta lantarki, ta haraji, da sunayensu biyu. Ranar da suka ɓata, miji ya ɗauki biro ya rubuta cewa don takardu ta aure shi, an buɗe mata bincike ke nan. Laifin auren takardu can ba wasa ba ne, ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro 15,000.

Inda muke sa hannu cikin halakar ɗiyarmu shi ne wurin ɗaurin auren. Mun saba wakilin ango ya zo ƙofar gida, a raba goro, ango yana Lyon yana saurare ta waya. A addini aure ya ɗauru, ba mai musu. Amma dokar Faransa ta ce ɗan ƙasarta, ko a waje ya yi aure, dole ya halarta da jikinsa, kuma ana iya ƙarar rushe auren da bai halarta ba har tsawon shekara 30. Shekara 30, jama'a! Sai wani kawu mai "sanin hanya" ya gyara takarda a ofishin magajin gari, a rubuta ango ya zo. Fasfonsa fa? Ba tambarin shigowa Nijar a wannan watan. Makamin da za a yanke ta da shi mu muka wasa shi. Haka in yana da uwargida da ya ɓoye, ko an ƙara wa yarinya shekaru don ta kai 18.

Ban wanke hukumar Faransa ba. Wasiƙar miji mai fushi ba hukunci ba ce. Alƙali kaɗai ke rushe aure. Kuma dokarsu da kanta ta hana a ƙi sabunta katin macen da duka ya fitar daga gida. To wace yarinya ce za ta san wannan, in mun cire ta daga koleji tana aji na biyu don "ta samu miji na waje"? Takardar kora ta zo, wa'adin ɗaukaka ƙara galibi wata 1 ne, ita kuwa sai ta kai wa mijin ya karanta mata.

Malumai, mu ne ake kawo wa takardun nan mu fassara. Kada mu tsaya ga fassara. Mu tambayi uban: ango zai zo da ƙafarsa? Ya nemi takardar izinin aure daga hukumar ƙasarsa kafin ranar? An yi rajistar auren a Nantes? Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024 hanyar ta ƙara tsawo, masu gajerar hanya kuma sun ƙara yawa. In uban ya ce sauri ake yi kafin azumi, a ce masa a ɗaga bikin zuwa bayan salla.