Kafin A Ɗora Tsohuwar Mota A Sikeli, A Duba Lambarta

Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Keffi, irin su Gangaren Tudu, ba zai rasa ganin tsohuwar mota a ƙofar wani gida ba, tayoyi sun sace, an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Galibi mai ita ya riga ya rasu, ta zama kayan gado. Mutum biyu ne ke zuwa wa magada a kanta. Na farko ɗan gwangwan, wanda zai saye ta da nauyin ƙarfe ya datsa. Na biyu dillali, wanda ya gani a waya an sayar da wata tsohuwar mota miliyoyin daloli a Amurka, ya zo yana rantsuwa wannan ma irinta ce. Bai kamata magada su saurari ko ɗaya daga cikinsu ba sai sun bincika, domin darajar tsohuwar mota tana ga shaidar asalinta, watau lambobinta da takardunta.

Motocin da dillalai ke kafa hujja da su, Amurkawa suna kiransu da sunan da ke nufin motoci masu ƙwanji. Motoci ne masu ƙofa 2 da aka cusa wa ƙaton inji mai silinda 8. Yayinsu ya fara da Pontiac GTO a 1964, ya dushe bayan tsadar man fetur ta 1973, ga tsadar inshora da dokokin hayaƙi. A 2014 kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971, mai buɗaɗɗen rufi, a kan dala miliyan 3.5 a birnin Siyatil. Dalili kuwa shi ne irinta da aka ƙera a shekarar ba su wuce 12 ba, injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta, kuma takardar haɗa ta tana nan.

To, inda kuɗi ya yi yawa haka, ƴan damfara ba su nisa. A 1964 da 1965 GTO ba mota ce mai zaman kanta ba, ƙari ne da mai saye ke biya a yi masa a kan Pontiac LeMans. Saboda haka mai wayo sai ya sayi LeMans da araha, ya liƙa mata tambarin GTO, ya fesa fenti, ya kai kasuwa. Ido ba ya rabe su, amma kama da wane ba ta wane. Shi ya sa mai saye a can ba ya biya sai ya aika lambar motar ga masu ajiye tsofaffin takardun Pontiac, sun turo masa kwafin rasidin masana'anta. Idan Amurkawa da suka ƙera motocin ba su yarda da cinikin biri a sama ba, ina dalilin da mutumin Keffi zai yarda da bakin dillali?

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa magada ita ce, yawancin tsofaffin motocin ƙasar nan ba irin waɗancan ba ne. Peugeot ne, watau Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko Volkswagen ta Legas, ko Marsandi. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, an ƙera fiye da miliyan 3, don haka ba a rasa ta. Wadda masu tara motoci a Turai suka fi nema ita ce 504 mai ƙofa 2, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, kuma ba a harhaɗa irinta a Kaduna ba. Wanda ya ce wa marayu Fijon babansu mai ƙofa 4 za ta saya musu gida a Abuja ya yaudare su. Amma wanda ya ce musu ƙarfe ce kawai shi ma ya cuce su, domin motar da ke da injinta na asali da cikakkun takardu tana da masu so, kuma kuɗinta ya fi na sikeli nesa ba kusa ba.

Binciken ba mai wuya ba ne. Da farko a buɗa bonet a nemi lambar shasi da lambar inji, a gwada su da abin da ke rubuce a takardar mallaka da ta kwastan. Kanikawan ƙasar nan gwanaye ne wajen sauya inji, wannan kuwa ba laifi ba ne ga motar haya, amma yana rage darajar motar tarihi. Sai a dubi wurin da aka buga lambar da kyau. In an ga alamar guga, ko walda kewaye da ita, ko ƙusoshin farantin lambar sun fi farantin sabunta, to akwai magana. A kuma ɗauki maganaɗisu a bi jikin motar, duk inda ya ƙi kamawa an cike lotsa ko ruɓa ne aka rufe da fenti. Kamfanoni irin su Peugeot da Mercedes-Benz da Volkswagen suna da ma'ajiyar tarihi a Turai, inda ake tura lamba a nemi shaidar lokacin da aka ƙera mota, ko da yake waɗanda aka harhaɗa a nan gida sun fi dogara ga takardun gida.

Tarihin ƙasa ma mai ba da shaida ne, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. An ƙirƙiro Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba 1996. Kafin nan Keffi tana Jihar Filato, kafin 1976 kuma tana Binuwai-Filato. Takardar mota mai kwanan watan 1980 da hatimin Jihar Nasarawa jabu ce, ba sai an kai ta gaban alƙali ba. Naira ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1973, saboda haka rasidin 1970 da aka rubuta kuɗinsa da naira ya tona kansa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu 1972, to motar da aka ce an saye ta sabuwa a nan kafin lokacin, a dubi gefen da sitiyarinta yake, a tambayi dalili in bai dace ba. Lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17 kuwa sai a 1981 ta zama doka a Amurka, duk wanda ya nuna irinta a jikin motar da ya ce ta 1969 ce, a yi sallama da shi.

Akwai kuma kuskuren masu kyakkyawar niyya, waɗanda ke garzayawa wurin mai fenti don motar ta yi kyan gani kafin a sayar. A watan Janairu 2020 an sayar da koriyar Ford Mustang ta 1968, wadda Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, a kan dala miliyan 3.74 a Jihar Fulorida. An kawo ta gwanjo da dusasshen fentinta da tsatsarta, kuma lambarta ce ta tabbatar ita ce ta fim ɗin. A nan gida ma ga baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976, tana Gidan Tarihi na Ƙasa a Onikan, Legas, da hujojin harsashi a jikinta. Da wani ya toshe hujojin ya fesa sabon fenti, da ya ɓata abin da jama'a ke zuwa gani.

Wani zai ce ana fama da abin sawa a baki, wa ke da lokacin tsohon ƙarfe? Ai saboda halin da ake ciki ne ma ya kamata a kula. Dukiyar gado amana ce, akwai haƙƙin mata da ƙananan yara a ciki. Babban wa da ya miƙa mota ga ɗan gwangwan bai san ƙimarta ba ya yi wasa da rabon wasu. Wanda kuma ya hana a sayar shekara da shekaru yana jiran miliyoyin da ba za su zo ba, har ruwan sama ya cinye ta, shi ma haka. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Saboda haka ya kamata malamai masu rabon gado da masu unguwanni a Keffi su riƙa sa a kira tsohon bakanike mai amana, wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya karanta lambobi a gaban shaidu kafin a yi wa mota kuɗi. Magada kuma su adana kowace takarda, da rasidi, da tsohon lasisi, har da hoton marigayi a jikin motarsa, su kuma ɗauki hoton lambobin. Motar da ta lalace ana iya ta da ita ko bayan shekara 30, amma wadda aka datsa aka kai Fanteka ta tafi ke nan. Allah ya sa a gane.