Abincin saye ko girkin gida: lissafin da ke gagarar magidanta a birane

Tun daga watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jika 42 a wata, bayan ya shafe shekaru yana tsaye a jika 30 da ƴan canji. In aka raba jika 42 a kwana 30, kowace rana tana samun sefa 1.400. Magidanci mai mata ɗaya da ƴaƴa biyar, wanda a Maraɗi ko Damagaram ba wanda zai kira gidansa babban gida, in ya raba wannan kuɗi tsakanin bakuna bakwai, kowa zai tashi da dala 40. A cikin dala 40 ɗin nan ne karin kumallo da abincin rana da na dare za su fito, tun ba a yi maganar haya da ruwa da kuran da magani ba. Kuma wannan lissafin mai albashi ne. Yawancin mazauna birane, daga ɗan kabu-kabu zuwa mai tura baro da tela da ƴar wanke-wanke, ba su da albashi sam, abin da yini ya bayar shi ake ci.

A irin wannan hali mutum zai zaci kowa gida zai koma ya ɗora tukunya. Amma wanda ya ratsa unguwannin Yamai, Tawa ko Ƙonni da safe ko bayan magariba zai ga yara da kwanoni sun yi layi wajen mai ƙosai da kunu, mai tuwo, mai dambu, mai shinkafa da wake, mai awara. Da yawa daga cikin waɗannan kwanoni gida ake kai su, su ne abincin iyali na wannan lokacin.

Lissafin farko da kowa ke yi yana nuna saye asara ne. A ɗauka farantin shinkafa da miya da ɗan yankan nama dala 100 ne a rumfar mai abinci. Mutum bakwai, sau ɗaya a rana, jika 3 da rabi kenan. A wata ya kama jika 105, wato albashin mafi ƙaranci sau biyu da rabi, a kan cin rana kaɗai. Da wannan kuɗin uwar gida za ta sayi buhun shinkafa da jarkar mai da kayan miya, ta ciyar da gidan rana da dare, har ɗumame ya kwana. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa tsofaffi ke kallon gidan da ya dogara da abincin saye a matsayin gidan da ba tattali.

Sai dai lissafin yana ɗauka cewa magidancin yana da kuɗin buhu a hannu ranar ɗaya ga wata. Wanda ke samun jika ɗaya ko biyu a yini ba ya sayen buhu, tiya yake saye, wani lokaci rabin tiya. Ba ya sayen jarkar mai, ɗauri yake saye a leda. Duk lokacin da aka rage awo, farashin kilo yana hawa, don kowane hannu da kayan ya bi sai ya ɗora ribarsa. Sannan akwai kuɗin da ba ya raguwa komai ƙanƙantar tukunya: icce ko gawayi, niƙa a inji, ruwan da ake saye wajen mai garuwa, magi, gishiri, tonka, albasa. Wutar da za ta dafa tuwon mutum uku ba ta da nisa da wadda za ta dafa na mutum goma. Mai tuwo kuwa wuta ɗaya take hurawa ta ciyar da mutum hamsin ko fiye, kuma hatsinta da mainta ta saye su da ɗan sauƙi don da yawa take ɗauka. Saboda haka ga ƙaramin gida, ko gidan da kuɗin cefanen ranar bai kai ba, aika yaro da dala 60 ya sayo tuwo da miyar kuka ya fi hura wuta araha. Talaka na sayen dafaffe ne saboda ba shi da jarin da girki ke buƙata. Masu yi masa wa'azin tattali su kan manta da wannan.

Gas ya kamata ya sauƙaƙa lamarin. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ƙasar ke samar da gas nata, kuma farashin hukuma na cika ƙaramar tukunya mai kilo 6 sefa 1.800 ne, abin da a gidaje da yawa ya fi icce sauƙi in aka lissafa a wata. Matsalar ita ce kuɗin shiga: sai an sayi tukunyar kanta da kan murhu a dunƙule, sannan duk ranar da ta ƙare sai an fitar da kuɗin cikawa gaba ɗaya. Icce kuwa ana samun na dala 20. In kuma aka shiga lokacin ƙarancin gas, kamar yadda aka sha gani, farashin hukuma a takarda yake tsayawa.

Akwai kuma lokaci. Ma'aikacin da ke wuni a ofis, ɗan lakwal da gidansu ke nesa, ɗan kasuwar da ba zai rufe rumfa ba, duk a waje suke cin rana. A Yamai musamman, inda gari ya yi faɗi, kuɗin taksi na zuwa gida da dawowa ya kan kai ko ya fi kuɗin faranti. Gida ɗaya sai ka tarar yana biyan abinci sau biyu: cefanen waɗanda suka zauna, da kuɗin aljihun waɗanda suka fita. Wannan kuɗin aljihu, dala 10 nan, dala 20 can, shi ne ramin da magidanta ba sa gani sai wata ya yi nisa.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne shekarun da suka biyo bayan 26 ga Yulin 2023. Takunkumin CEDEAO ya rufe iyakokin Benin da Najeriya, Najeriya ta yanke kuran, kayan da ke shigowa ta Kwatano da Gaya suka tsaya cak. A cikin wannan watan ne kuma Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa sayar da shinkafa a duniya, ta hana fitar da farar shinkafarta, haramcin da ba ta ɗage ba sai Satumban 2024. Ga ƙasar da mafi yawan shinkafar da take ci daga waje ake kawo ta, abu biyu ne suka haɗu lokaci guda. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe. Kaya na biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, hanya mai tsawo da jira, kuma kowane kwana da mota ta yi a hanya yana bayyana a farashin mai da shinkafa da maka da tumatirin gwangwani. Daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta ci rayuka sama da 300, Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba.

Garuruwan bakin iyaka suna da nasu labarin. Faɗuwar naira ta sa mai riƙe da sefa yana samun kayan Kano da Katsina da sauƙi, amma ta rage darajar abin da ƴan ci-rani ke aikowa gida, ta kuma rage ribar mai kai dabbobi da wake Najeriya. Gidan da ke jiran aike daga Legas ko Abuja ya ga kuɗin cefanensa ya ragu ba tare da an rage masa ko naira ɗaya ba.

Gwamnati ta ɗauki matakai. A Yulin 2024 an rage litar man fetur daga sefa 540 zuwa 499, gazwal daga 668 zuwa 618. A Oktoban wannan shekarar aka hana fitar da hatsi da shinkafa zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso. OPVN na ci gaba da sayar da cimaka a farashi mai rahusa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Bayan girbin 2024 farashin hatsi ya sauko a kasuwanni da dama, kuma magidanta sun ji sauƙin. Amma duk waɗannan matakai buhu suke kallo. Wanda ke cin abinci daga kwanon saye sauƙin ba ya isa gare shi kai tsaye, sai ya bi ta hannun mai dafawa, ita kuwa tana da nata lissafin.

A nan ne ake samun hauhawar farashin da ba ta shiga rahoton kowa. SIMA na bin farashin buhu da kilo kasuwa-kasuwa, INS na fitar da alƙaluman tsadar rayuwa kowane wata, amma girman malmalar tuwo ba abu ne da ake aunawa da sikeli ba. Mai abinci ba ta iya ƙara kuɗi yadda ɗan kanti ke yi. Farashinta a ɗaure yake da kwabbai: dala 5, dala 10, dala 20. Ƙosan dala 5 ba zai koma dala 6 ba, don ba canjin da za a bayar, in kuma ta tsallaka zuwa dala 10 ta ninka kuɗi, masu saye su koma wajen maƙwabciyarta. Abin da ya rage mata shi ne ta rage girma. Ƙosai ya ƙanƙance, ludayin kunu ya daina cika, miya ta tsinke, wake ya yi ƙaranci a cikin shinkafa, yankan nama ya koma abin nema da cokali. Uba na bayar da kuɗin da ya saba bayarwa, yaro na dawowa da yunwa, a ce masa haɗama ce. Kuma girman da ya ragu ba ya saurin dawowa ko da hatsi ya sauko, domin mai da icce ba su sauko tare da shi ba, sannan yawancin masu dafawar suna biyan bashin da suka ci wajen ƴan kasuwa a lokacin tsanani.

Ba adalci ba ne a ɗora musu laifi. Waɗannan mata su ne ke ciyar da birni, kuma ribar da yawa daga cikinsu ba ta wuce abin da ya rage a gindin tukunya, wanda ƴaƴansu za su ci da dare. Suna biyan tikitin kasuwa, suna ba da bashi ga maƙwabta har ƙarshen wata, wani bashin ba ya dawowa. Jarinsu daga adashi yake fitowa, ciwo ɗaya ko biki ɗaya ya isa ya cinye shi. A Maraɗi da Damagaram, inda matan aure da yawa ke dafawa a cikin gida, ƴan mata ne ke ɗaukar tallan. Arahar da mai saye ke samu wani ɓangarenta daga nan take fitowa: yarinyar da ba a biyanta, wadda ke yawo da tire a tasha a lokacin da tsararrakinta ke aji. Duk maganar sauƙin abincin titi da ba ta lissafa wannan ba, lissafinta bai cika ba.

Batun shawarma da hambaga da kaza gasassa da ake yin oda ta WhatsApp mai babur ya kawo har ƙofa, wannan wata kasuwa ce daban, ta manyan ma'aikata da ƴan kasuwa da matasan da ba su da nauyin kowa. Ci ɗaya na mutum ɗaya a can ya kan haura abin da mai ƙaramin albashi ke samu a yini. Illarta ga sauran gidaje ita ce ta ido: yara na gani a waya, suna tambaya.

Akwai kuɗin da ke zuwa daga baya, na asibiti. Abinci mai zafi da ake zubawa a baƙar leda, duk da dokar 2014 da ta hana irin wannan leda, ruwan wanke kwanoni da ba a canzawa, man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, shinkafar da ta wuni a rana lokacin bazara. Gudawar yaro ɗaya na iya cinye duk abin da aka tsimi a wata. Jami'an tsabta na ma'aikatun magajin gari sun fi bayyana wajen karɓar tara, alhali abin da mai abinci ke buƙata shi ne famfo kusa da rumfarta da wurin zubar da ruwan wanki. Wanda bai ba ta ruwa ba, da wuya ya nemi tsabta a wurinta.

In ana son sauƙin ya kai ga kwanon saye, wajen mai dafawa ya kamata a nufa. Ƙungiyoyin mata masu sayar da abinci za su iya samun kaso a cimakar rahusa ta OPVN da sunan ƙungiya, maimakon kowace ta shiga layi a matsayin uwar gida ɗaya. Tukunyar gas da babban murhu da za a biya kaɗan-kaɗan za su rage mata kuɗin icce, su rage sarar itatuwan da ake yi don ciyar da birane. Abincin lakwal, wanda PAM da gwamnati suka fi mayar da hankali a kansa a karkara, unguwannin bayan gari ma suna buƙatarsa, don a can ne kuɗin aljihun yara ke cin cefane.

A cikin gidaje kuwa, tsarin da ya fi yawa yanzu haɗe-haɗe ne. Da safe a sayo kunu da ƙosai ko fanke, da rana fura ko garin rogo da ƙuli-ƙuli, da dare a ɗora tukunya sau ɗaya in an samu. Wasu matan na tuƙa tuwo a gida su aika a sayo miya kawai, wasu na dafa farar shinkafa su sayo wake da mai. Kowace rana uwar gida ce ke yanke wannan hukunci bayan ta ƙirga abin da maigida ya ajiye mata kafin ya fita, kuma ranar da kuɗin bai kai ba, ribar sana'arta ko kuɗin adashinta ne ke cike giɓin, sau da yawa ba tare da maigidan ya sani ba.