Layin waya ya zama makullin banki, amma an bar shi babu tsaro

Ɓarawon waya a yau bai damu da wayar ba kamar yadda ya damu da ɗan ƙaramin katin da ke cikinta. Masu ƙwacen waya a titunan Kano da 'yan wan-cans da ke ɗaukar fasinja a Abuja sun san cewa kafin mai waya ya isa caji ofis, an cire layinsa an saka a wata wayar, an fara taɓa asusunsa. Makullin fuskar waya, na zane ne ko na yatsa, ba ya bin layin idan an zare shi.

Aikin ba ya buƙatar wata gwaninta. Duk saƙon da banki ya aiko, har da lambar tabbatarwa ta OTP, kan layin yake sauka. Wanda ya danna *565*0# zai ga lambar BVN ta mai layin. Idan kuma katin ATM na maƙale a bayan rigar wayar, kamar yadda mutane da yawa suka saba ajiye shi, ɓarawo ya samu kusan duk abin da ake tambaya kafin a sake lambar sirri ta tura kuɗi.

Tun 2014 da aka ɓullo da BVN, da kuma ƙarshen 2020 da aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN, hukumomi ke ɗora shaidar ɗan ƙasa da dukiyarsa a kan layin waya. Manufar ba ta da aibu. Abin takaicin shi ne kayan sun yi nauyi, ba a ƙarfafa ƙofar ɗakin ba. Kowane layi yana da lambar PIN da za ta hana shi aiki a baƙuwar waya, amma a kashe take zuwa, kuma da wuya mai sayar da layi a bakin titi ya ambace ta.

Akwai kuma layukan da aka daɗe ba a yi amfani da su ba, waɗanda kamfanoni ke sake sayarwa alhali asusun mai su na farko na nan a rataye da su.

Bankuna na yawan nanata cewa ba sa kiran kowa don neman lambar sirri, kuma gaskiya ne. Sai dai gargaɗin galibi da Turanci yake zuwa, yayin da ɗan damfara ke kiran tsohuwa a ƙauye da harshen da take ji, ya ambaci cikakken sunanta, ya ce za a rufe asusunta kafin la'asar. Tambayar inda ya samo sunan da lambar aikin Hukumar Kare Bayanai ce, wadda dokar 2023 ta kafa.

Ya kamata Hukumar Sadarwa ta NCC ta wajabta kunna PIN a duk lokacin da ake rajistar layi, ta kuma hana sake sayar da lamba har sai an raba ta da asusun banki. Babban Bankin Najeriya kuwa ya samar da lamba guda da mutum zai danna daga kowace waya ya toshe dukkan asusunsa lokaci ɗaya. A yanzu kowane banki da tasa lambar, kuma wanda aka tsare da wuƙa da daddare ba zai tuna guda uku ba.